Kwalbar da Ta Kwana Ƙarƙashin Randa

…Talata ce dai. Ko sau dubu aka rubuta Laraba a fom ɗin nan, ranar Talata aka haɗa kwalbar, da hantsi, rana ko tsaka ba ta yi ba — kuma hannun da ya haɗa ta ga shi nan bisa cinyar Safiyatu, yana ta murza bakin hijabi sai ka ce bai san hawa ba bai san sauka ba.

Benci. Barandar kotu, a Isa. An ce shaidu su zauna waje sai an kira su, to ga ta waje, ita da ƙudaje da wani tsoho da ya zo shari'ar gona barci ya kwashe shi baki buɗe. Shekara ashirin da shida tana bin ƙauyuka da kular magani a kafaɗa, tana yi wa 'ya'yan mutane allurar rigakafi, tun daga garinsu Sabon Birni har rugagen bayan Turba. Ba likita ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce ta karkara, amma wa ya taɓa kiran ta da wani suna in ba Inna Likita ba? Inna Likita… Kallon kitse ake yi wa rogo, wallahi, kuma duk faɗin barandar nan ita kaɗai ta san haka.

Ba ita aka yi ƙara ba. Nan ne abin yake ci mata rai. Labbo, makiyayin nan na rugar bayan Turba, ƙarar kamfanin da ya yi maganin ya kawo, da ofishin da ya aike ta, a kan ɗansa Hamza, ɗan wata goma sha ɗaya, wanda aka yi wa allurar ƙyanda da safe, washegari aka binne shi. Shekara biyu ke nan ana ɗage shari'a ana dawowa. Bafulatani da kotu? Har dattawan rugarsu sun ce ya bar wa Allah, kwana ne ya ƙare. Wani ɗan'uwansa ta wajen uwa da ya karanta lauya, Zainulabidin, shi ya zo daga Sakkwato ya tsaya masa. Da lauyan ya so ya sa sunanta cikin waɗanda ake ƙara, tsalle Labbo ya yi ya dire. "Inna Likita ba ruwanta, aiko ta anka yi. Ni ba diyya nika biɗa ba. A hwaɗa min mi yak kashe min ɗa." A gabanta ya faɗa. Ta sunkuyar da kai, aka ɗauka tausayi ne.

Me ya kashe shi… Ai ga mai amsar nan zaune, da tsagen Gobir ɓaro-ɓaro a kumatu. Gobir gidan faɗa! Ina faɗan? Mace ta kwashe shekara biyu tana tsoron takarda guda.

Awa shida. Ko wadda ta shigo aikin nan jiya ta san awa shida. Maganin ƙyanda gari ne a kwalba, sai an zuba masa ruwansa, kwalba ɗaya yara goma. In an haɗa, awa shida, ya ƙare ko bai ƙare ba, zubarwa ake yi. Ba don zafi kaɗai ba. Da allura ta huda robar bakin kwalba, cuta ta samu ƙofa, ta shiga ta hayayyafa, abin da aka yi don ya tsare yaro ya koma guba. Ita da bakinta ta koya wa sababbin ma'aikata haka, tana buga tebur da biro — awa shida, 'yan nan, ko uwarku ce ta roƙe ku! Ana dariya. Ko uwarku ce ta roƙe ku…

To ita wa ya roƙe ta?

Turba, ranar Talatar, ƙarshen bazara, zafi kamar gari zai kama da wuta. Ta shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro, ta haɗa kwalba tana jiran mata goma, uku suka zo. Uku! Sauran sun ji ƙishin-ƙishin an ga mutanen daji sun gilma, kowacce ta ja 'ya'yanta ta rufe ƙofa. Kafin azahar labari ya tabbata, sun tare hanyar Isa. Mai kabu-kabun da ya kawo ta ya ce ko uban wa ya zo, shi ba ya tayar da mashin yau. Ƙanƙarar kula ta narke ta koma ruwan ɗumi. Sai gidan gwaggonta, can za ta kwana. Kwalba a hannu, saura na yara bakwai a ciki, ta nufi bayan gida za ta jefa a masai — ta nufa fa, Allah ne shaida, har ta ɗaga murfin — sai ga sallamar Labbo a ƙofar gida, la'asar sakaliya. Ya ji Inna Likita na gari. Jibi ruga za ta tashi, arewa za su yi, cikin Nijar, sai bayan damina. Akwai yara huɗu da ba a yi wa ba, kuma ƙyanda ta sauka rugar maƙwabtansu. Ta taimaka, da safe zai zo ya bi da ita ta hanyar shanu.

Yara huɗu. Ƙyanda a maƙwabta. Na yara bakwai a tafin hannu, kuma kwalba ɗaya tak aka ba ta ranar. Da wane baki za ta ce masa babu? Shekara nawa ta yi tana bin rugagen nan ana sakar mata karnuka, ana tura yara bayan bukka, kafin yau Bafulatani ya tako da ƙafarsa yana neman allura —

A'a. A'a, Safiyatu, kar ki soma. Wannan wankin kin yi shi ya fi sau ɗari, bai taɓa fita ba. Ya lalace. Kalma biyu. Labbo, ya lalace, ku jinkirta kwana biyu in ɗauko sabo, ko in ba ku takarda a yi musu gaba. Me ya hana? Ba ki son ganin fuskarsa ta canja, shi ke nan. Ba ki son a ce Inna Likita ta zo gari da hannu wofi. Son yabo ne, komai za a lulluɓe shi da shi, son yabo ne tsagwaronsa.

Randar Gwaggo tana kusurwar rumfa, zaune bisa jiƙaƙƙen rairayi. Haka kakarsu ta Alkalawa take yi, Allah ya ji ƙanta — goro ne, man shanu ne, sauran madara ce, duk abin da take son ya kwana lafiya sai ta tone rairayin gindin randa ta binne, da safe a ciro shi sanyi ƙalau. Safiyatu ta naɗe kwalba a leda, ta tona da yatsu biyu, ta mayar da rairayi ta shafe. Da gari ya waye ta ciro ta kara a kunci. Sanyi! Har wani daɗi ta ji, wai ita ta yi dabara. Mace mai shekara ashirin da huɗu a bakin aiki, ta auna magani da kumatunta. Ba ta manta ba fa, kar wani ya yi mata wannan uzurin. Tana karawa a kunci tana jin muryar kanta tana buga tebur. Ta ce wa muryar, yau ɗaya dai. Tir.

Tagar kotun ba gilashi, magana na fitowa tar. Lauyan kamfani ne, wanda aka ɗauko daga nesa, yana zuba Turanci tafinta na juyawa. Bilki ce a akwatin shaida — matar Labbo, uwar yaron, shekara ashirin ma anya ta cika? Ya ce ta faɗa wa kotu sunan ɗanta. Shiru. Ya sake. Shiru. Kai, bawan Allah, ɗan fari ne! Wace Bafulatana ce za ta buɗe baki gaban surukai da baƙin maza ta kama sunan ɗan farinta? Ko da rai yake ba ta faɗa, bare yana ƙasa. Zainulabidin ya miƙe yana bayani, alƙali ya ce a wuce wurin. Amma wani ya riga ya yi dariya daga bencin baya, Safiyatu ta ji ta sarai.

Ita ma ai ta yi dariyar nan. Ita ta fara ma.

Ranar allurar ba Bilki ta kawo yaron gaban tabarma ba, Kadijatu ce, ƙanwar Labbo, ta saɓo shi a kafaɗa. Uwar tana can bakin bukka ta ba su baya, tana wanke ƙwaryar da ta riga ta wanku, sai satar kallo take yi ta ƙarƙashin hannu. Safiyatu ta ɗaga yaron sama — jajir, mai nauyi, laya a wuya, haƙora huɗu, yana ƙamshin nono da hayaƙi — ta ɗaga murya don a ji. "Wanga kyakkyawa ɗan wa na? Ba shi da uwa? To na tsinci ɗa, za ni tahi da shi Sabon Birni!" Bilki ta saki ƙwarya ta afka bukka, mata suka fashe har da tafi. Shi ne na huɗu. Ko kukan kirki bai yi ba, igiyar katin wuyanta ya kama yana kaiwa baki, sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya. Aka kawo mata kindirmo ta sha har ta lashe ludayi. Aka ƙulla mata ƙwan zabi a tsumma, ta kai gida ta dafa wa jikoki. Sun ci. Ita ma ta ci, har biyu.

Yaushe jikinsa ya yi zafi? Azahar. Amai da zawo fa? La'asar. Wa kika faɗa wa? … Wa kika faɗa wa? Tafinta na maimaitawa da ƙarfi kamar da kurma yake magana. Muryar Bilki ba ta kawowa taga, amma Safiyatu ba ta bukatar ta ji, ta san amsar. Ba kowa. Sauran yara ukun na rugar, iyayensu sun kurma ihu tun la'asar, hanya ta buɗe ranar, aka ɗora su a mashin aka kai asibiti, aka sa musu ruwa, Allah ya tashe su. Bilki kuwa, Labbo na daji da shanu, uwar mijin ta tafi sallamar dangi. Uban mijin da kansa ya tsaya daga bayan bukka ya tambaya, yaya naku? Ta ce da sauƙi. To me za ta ce? Ta buɗe baki ta ce wa uban mijinta ɗana zai mutu, ku taimake ni? A ji ta tana rawar jiki kan ɗan fari, ruga ta yi da ita har jikoki? Ta rungume shi ta yi ta shafa masa ruwa, ita kaɗai. Sai da Labbo ya dawo ya ɗaga zane ya gani. Ba su kai Isa ba, rai ya yi halinsa a hanya.

"Uwa ce ke?" Haka tafinta ya juya. Ko shi sai da muryarsa ta yi ƙasa.

Yara huɗu, kwalba ɗaya — ai ko makaho ya san inda zai laluba. Masu bincike suka zo daga Sakkwato cikin kwana uku. Kafin su iso ta gama. Ta yage shafin rajista, ta sake sabo, yaran Turba uku na ranar Talata ta mayar da su Laraba, ƙarfe bakwai na safe, na ruga ƙarfe tara. Kun gani, kwalba ɗaya, safiya ɗaya, ga uku nan lafiyarsu ƙalau suna wasa. Wa zai je Turba ya tambayi iyayensu mata ranar da aka yi, hanya ta sake komawa hannun mutanen daji? Ba wanda ya wuce Isa. Ina ragowar kwalbar? An zubar bisa ƙa'ida, ranka ya daɗe. Bisa ƙa'ida! Masan da ta ƙi jefawa ranar Talata, ranar Alhamis har gudu take yi zuwa gare shi. Suka kwashi 'yan'uwan kwalbar na kwali ɗaya suka tafi da su awo, aka samu lafiya lau. Dole mana. Sai aka ce wataƙila ruwan tafki ne yaran suka sha.

Atiku, mai kula da ɗakin sanyi, shi ke sa hannu a takardunsu. Ya riƙe shafin ya daɗe yana kallo. Shafin da ya je ƙauye ya dawo ai an san shi, gumi, shatin yatsa, tawada iri biyu. Wannan kuwa fes. Ya ɗago ya ce, "Malama Safiya, yau rubutunki ya yi kyau." Ya sa hannu. Shi ke nan, bai ƙara ba, har yau. Ya sani? Bai sani ba? Kullum safe sai sun gaisa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, ita kuwa tana leƙen idonsa kamar ɓarauniyar da ta haɗu da mai kaya a kasuwa.

To magani lafiya lau. Takarda lafiya lau. Inna Likita lafiya lau. Saura wa? Shari'a ba ta tashi hannu wofi, sai ta samu wuyan da za ta rataya wa. Lauyan can ba mugu ba ne, aikinsa yake yi, abin da aka bar masa a faranti shi yake ci. Wa ya bar masa? Ita ba ta taɓa cewa Bilki ce ba, wallahi ko sau ɗaya bakinta bai furta ba… Ba sai ta furta ba. Ta share ko'ina tas, ta bar wuri ɗaya, ta koma gefe ta naɗe hannu.

Har gaisuwar mutuwa ta je. Ta je! Ta zauna bisa tabarmar da ta yi allurar, uwar Labbo ta riƙe hannunta tana godiya, wai duk da hanya ba kyau ta tako. Allah ya ba da haƙuri, in ji ta. Allah ya sa mai ceto ne. Bakin bai karkace ba, harshen bai faɗo ba, ƙasa ba ta tsage ba. Ta sha ruwansu ta tashi.

Tun daga ranar awa biyar take zubarwa. Biyar, ba shida ba. Ta zama dodon sababbin ma'aikata, ta kama wata yarinya ta wuce da minti ashirin ta yi mata tatas gaban jama'a har sai da ta yi kuka. Bara takardar yabo aka ba ta, an sa a gilashi. Maigidanta ya buga ƙusa ya rataye a zaure, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Ita ta ƙofar baya take shiga gidanta in ta samu dama.

Tsohon nan na shari'ar gona ya farka, ya share miyau, ya ce Hajiya an kira Ɗanmusa? Ba a kira ba, Baba. Ya koma barcinsa. Kai, barci dai ni'ima ne…

Jiya lauyan ofishinsu, Hafizullahi, ya zaunar da ita ya ce abin ba wuya, Malama, abin da ke fom shi za ki maimaita, kar ki ƙara kar ki rage, minti goma kin fito. Shi bai san komai ba, takarda ya gani ya yarda. Zahra'u ce, abokiyar aikinta, da ta ga duk ta rikice ta ɗauka tsoron kotu ne, ta raɗa mata dabarar da wasu mata ke yi. In magatakarda ya miƙo Alƙur'ani ya tambayi alwala, ki ce ba ki salla, sai a sa ki ɗaga hannu kawai. Ba ki salla… Shekararta hamsin da huɗu. Rabonta da wannan abu tun kafin a haifi jikanta na biyu. Tsohuwa da furfura ta tsaya gaban maza ta ƙaga wa kanta jinin da Allah ya ɗauke mata, don ta samu hanyar yin wata ƙaryar ba ta dafa Littafi ba! Kamar in ba ta dafa ba, Mai Littafin ba ya ji. Kuma abin kunyar, ta saurara. Ba ta ce a'uzubillahi ba, cewa ta yi to. Yau da safe ta ɗauki buta ta ajiye, ta ɗauka ta ajiye. Ƙarshe dai ta yi alwalar don jiki ya saba, ga ta nan zaune tana fatan alwalar ta karye a mota ba ta sani ba.

In ta faɗa? Aiki ya tafi, ga ritaya ta kusa, saura ƙiris ta sauka da mutuncinta. Wataƙila gidan yari. Nusaiba, autarta, da ke makarantar jinya a Sakkwato don ta gaji uwarta, ta shiga aji ana nuna ta da baki. Maigida ya daina tsayawa hira bakin masallaci. Sabon Birni gari ne da in ka yi atishawa a kasuwa za a yi maka yarhamukallahu a tasha. Za ni iya? Za ni iya shiga gidan suna in ji an yi shiru?

In ba ta faɗa ba? Ai wannan ba sai an tambaya ba, shekara biyu ana kallon sa. Tun daga Hamza ruga nawa ta sake buɗe musu? Labari ya bi hanyar shanu har cikin Nijar, allura na kashe yara. Maganin da bai ci ba bai sha ba, ta shafa masa kashin kaji. Ita da ta san abin da ya tsare! Ita da ta ga zamanin da ƙyanda ke shiga gari ta fita da yara a jere, ƙannenta biyu a mako guda, tana 'yar shekara tara tana riƙe wa uwarsu buta. Don su ta shiga aikin nan, haka take faɗa a taro, ana tafa mata. Bara ƙyanda ta dawo rugagen gabas. Da aka kawo rahoto ofis tashi ta yi ta fita, wai za ta kama ruwa. Har yau ba ta tambayi yara nawa aka rasa ba.

Ƙarar kujeru. An tashi hutun minti goma, daga nan sai ita. Mutane na fitowa suna fifita da takardu. Labbo ya zo wucewa da lauyansa, ya tsaya ya rusuna mata — rusunawa fa! "Inna Likita, an wahalshe ki." Ta ce wani abu. Ba ta san me ta ce ba.

Bilki ce ta ƙarshen fitowa, mayafi har hanci. Ba ta bi mijinta ba. Ta tsaya ta dubi hagu ta dubi dama, ta tuɓe takalmi, ta zo ta durƙusa a siminti gaban bencin, kusa, har gwiwarta na taɓa yatsun ƙafar Safiyatu. Subhanallahi, yaushe yarinyar nan ta ƙare haka? Wuya kamar sillen kara. Bayanta ba goyo.

"Inna, ki gahurta min. Ni na ja miki zaman wurin ga."

Wayyo Allah. Wayyo Allah na.

"Tashi, ɗiyata, tashi, ƙasan da datti." Abin da ya fito ke nan. Duk maganar da ke cikin cikinta, datti ta gani.

Ba ta tashi ba. Ta kama gefen zanen Safiyatu da yatsu biyu, murya can ƙasa, kar maza su ji.

"Inna, ke likita ta, ke kin san abin ga. Su na ciki ban gane maganassu duka ba. Ni dai ki hwaɗa min tsakaninki da Allah… da na yi magana tun azahar, da shina nan? In kin ce ni ta, sai in yarda, in huta da tambaya."

Shekara biyu. Shekara biyu tana tsoron alƙali, tana tsoron Atiku, tana tsoron bakin mutanen Sabon Birni, tana juya kunyarta tana lallashin ta kamar jinjiri — ko sau ɗaya, sau ɗaya tak, ta taɓa tambayar kanta me yarinyar nan ke gaya wa kanta in ta tsuguna tatsa da asuba? Ita a zatonta ƙaryar na can kwance cikin fayil, a ofis, a kulle. Ashe nan take. A nan ta yi shekara biyu tana ci.

Kuma ga ƙofa a buɗe, ƙatuwa. Kwana ne ya ƙare, ɗiyata. Allah kaɗai ya sani. Ko ma ta yi shiru ta girgiza kai, ai sauran ukun sun tashi, wa zai ce ta yi ƙarya? Yarinyar za ta karɓa hannu bibbiyu, ta yi godiya, ta sa takalminta ta tafi da shi har kabarinta.

"Safiyatu Wakili!" Masinja ne a ƙofar kotu. "Safiyatu Wakili Sabon Birni!"

Ba a ma yi minti goman ba, ko an yi? Hannun da ke bisa cinya ya tashi da kansa ya sauka a kan yarinyar, kai ɗan ƙarami, da zafi, kitson ya tsufa ƙarƙashin mayafi. Bilki ta ɗago ido. Ba kuka take yi ba, da kuka ne da sauƙi. Jira take yi. Da gaske jira take yi, duk abin da Inna Likita ta ce, shi ne.

"Safiyatu Wakili! Tana nan ko ba ta nan?"

"Ɗiyata…" Muryar ta fito kamar ba tata ba. "Ɗiyata, ba ke…"

Bilki ta ƙara matso da kunnenta.